Hayaƙin Kogon Idder

Faris, Fabrairu 1996

Zuwa ga ƙanena Mbarak ɗan Baffa Hammu,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da Zaina da yara. Ka sumbaci kan Inna Ijja a madadina, ka ce mata ɗanta Bihi yana nan ƙalau, sai ciwon bayan da tsayuwar kanti ta gadar min, da sanyin garin nan da ba ya jin rarrashi.

Bayan haka, Addi mai motar kaya ya iso da man argan ɗin da Inna ta aiko. Bai ko dire galan ba ya fara zuba. Ka san Addi, bakinsa ya fi motarsa gudu, amma ba duk abin da yake faɗa ne ƙarya ba. Ya ce gwamnati ta ja waya tun daga bakin kogi har bayan hubbaren Sidi Bumlal, wai bakin tekunmu ya zama gandun namun daji. Ya ce an zuba barewa da jimina inda kakanninmu suke kiwon awaki. Sai ya ce kai ne mai gadi, da hula da madubin hangen nesa a wuya. Nan na ajiye kofin shayina. Kai, Mbarak! Kuma a bakin Addi zan ji?

Ba na hana ka neman abinci. Abin da ya hana ni sukuni kogon Baba ne. Kakanmu Idder ya sassaƙe shi da diga a jikin dutsen nan a shekarar yunwa, da aka raba gado ya faɗo wa mahaifina, naku ya ɗauki gonar sha'ir. A cikinsa nake nufin in ƙare kwanakina, da gorar fatsata, in Allah ya yaye min kantin nan. Ka san ƙa'idar jama'a: daga ranar da aka sa lauje a sha'ir zuwa ranar ziyarar Sidi Bumlal, dole dattawa su hango hayaƙi yana fita daga kowane kogo. Wanda ba a hura masa wuta ba ya fita daga hannun masu shi, a cire ƙyaurensa, ya zama na waliyyi. Tun rasuwar Baba, Inna ce take hura min.

To yanzu ka gaya min gaskiya. Kogon yana cikin wayar ko yana waje?

Yayanka, Bihi

Tifrit, Maris 1996

Zuwa ga Yaya Bihi,

Amin wa alaikumus salam. Takardarka ta same mu lafiya. Zaina tana gaishe ka, ta ce ka riƙa shafa man argan ɗin a bayan, ba duka a gurasa ba. Inna Ijja tana nan, tana sa maka albarka.

Gaskiya ne, na karɓi aikin gadi. Ban rubuto maka ba don na san abin da za ka ce, kuma ga shi ka faɗa. Kifi ya ja baya, Yaya. Manyan jiragen da suke wucewa can nesa sun kwashe, sai in wuni a kan dutse in dawo da abin da ba zai rufe gindin tukunya ba. Amma Addi ya ƙara gishiri. Wayar tana can ciki, wajen tudun yashi, don barewa. Bakin teku ba a ja masa komai ba. Mata suna sauka ɗibar ƙumba in ruwa ya janye, kamar kullum, masu fatsa suna kogunansu.

Ni ba barewa nake gadi ba, masu sanƙo nake gadi. Ka tuna su? Baƙaƙen tsuntsayen nan masu jan kai ba gashi da lanƙwasasshen baki, waɗanda muke jifa muna yara, Kaka ta bi mu da tsintsiya. Tsofaffi sun ce a zamanin Idder in suka tashi daga dutse sai rana ta dushe. Sojojin Faransa suka yi ta koyon harbi da su, sannan aka zo da jirgi aka yi feshin fara, suka ci gubar suka zube. Mutanen gandu sun ce waɗanda suka rage a gaɓarmu kusan su ne ke nan a duniya. Na yi dariya da na ji. Ashe abin da muke jifa da tsakuwa shi ne dukiyar garin.

Aikina in zauna a bayan tinya tun hantsi, in duba sheƙoƙinsu, in kori hankaki, in hana mutane matsawa kusa lokacin ƙwai, in cika musu ɗan kaskon ruwa. Bana an yi ruwan sama, tudu ya yi kore har gindin tsohuwar katangar Fotugis, ƙadangaru da buzuzu sun yi yawa, tsuntsayen sun yi ƙiba. Jiya wani baƙo ya zo ya ga haƙarƙarin dabbar teku da aka yi rufin hubbare da shi, ya tambaye ni ko itacen me ne.

Maganar kogo, yana nan inda ka bar shi. Za mu yi zancensa in lokaci ya matso.

Ƙanenka, Mbarak

Faris, Maris 1996

Mbarak,

Gaisuwa. Ina fata kowa lafiya. Bayana da sauƙi, ka gode wa Zaina.

Na karanta takardarka a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Ka cika min shafi da ƙadangaru da buzuzu da ƙibar tsuntsaye, kogon da na tambaye ka kuwa layi ɗaya ka ba shi. "Za mu yi zancensa." Wane zance? Kogo ne, a hura wuta, a ga hayaƙi, shi ke nan. Abin da ba shi da matsala ba a ajiye masa ranar zance.

Ga wani abu kuma. Tun da nake karɓar takardu daga gida, ba a taɓa aiko min gaisuwar Inna ba faɗa a ciki. Ko ta ce na manta hanyar gida, ko ta ce Faris ta haife ni. Yau sai ga "tana sa maka albarka" tsurarta. Wannan ba bakin Inna ba ne. Ko dai ba ka karanta mata takardata ba, ko kuma akwai abin da ta faɗa ka haɗiye.

Bari in fito maka fili, don ni kanti ya koya min sanin mai saye da mai leƙe. In kogon ya zama na waliyyi, waliyyi ba ya sa hannu a takarda. Mutanenka masu hula za su rubuta shi a nasu, su yi maka godiya. Ban ce haka kake nufi ba. Na dai ce na ga hanyar.

Kuma kada ka ce za ka taimake ni ka hura da kanka. Kai ma jinin Idder ne, na sani, hayaƙinka zai karɓu. Amma a garin nan an taɓa yin wanda ya hura wa ɗan uwansa wuta shekara biyu, a ta uku ya ce dattawa shaida ne, shi ke raya wurin. Inna za ta hura, ita kaɗai.

Ka amsa min da wuri.

Bihi

Tifrit, Afrilu 1996

Yaya Bihi,

Sallama. Muna lafiya, sai ƙaramar da ta yi ƙyanda, ta kuma warke. Na karanta wa Inna takardarka duka, har wurin da ka zarge ni. Ta ce in rubuta maka cewa tun kana goyo kake duba ƙasan kwano ko an rage maka. Ga faɗan da ka nema, ka samu.

Ka yi gaskiya a abu ɗaya, akwai abin da na riƙe. Na so in nemo mafita tukuna. Masu sanƙo sun yi sheƙa a bakin kogonka. A kan ɗan dandamalin da mahaifinka yake shanya komar kamun kifi, dab da ƙyaure. Ba su taɓa yi a wannan ɓangaren ba, sai bana, don sun ga wurin shiru, ba ƙafar mutum. Ƙwan ya ƙyanƙyashe. In aka hura wuta a ciki, hayaƙin ta kansu zai bi. Iyayen za su tashi, kuma kafin su yarda su dawo hankaki ya gama da 'ya'yan. 'Ya'yan kuwa ba za su yi fiffike ba sai bayan ziyara.

Na je wurin dattawa a masallaci, na roƙe su su ɗaga wa kogon nan ƙafa zuwa bayan ziyara. Shugabansu, Amghar Lahsan, ya kalli hulata ya ce, "Gwamnati ce ta aiko ka ko Bihi?" Na ce ba ko ɗaya. Ya ce, "To wanda ba a aiko ba ba a ba shi amsa." Daga baya ya kira ni gefe ya ce ƙa'idar tana da ƙofa ɗaya. In mai kogon ya zo da ƙafarsa ya tsaya a gaban jama'a ranar ziyara ya ce yana nan, to shi ne hayaƙin, ba sai an hura komai ba.

Don haka ka zo, Yaya. Ka rufe kantin mako biyu, mutanen Faris ba za su mutu don rashin madara ba. Kogonka ya tsira, tsuntsayen su tsira, nima in tsira da aikina, don in aka yi hayaƙi a kan sheƙar da aka ba ni amana, ba ni da fuskar komawa. Kuma akwai dalilin da ya fi waɗannan duka, wanda aka hana ni rubutawa. Ka zo ka gani.

Ni ba na son kogonka. Ko kyauta aka ba ni, gwiwoyina sun gaji da wannan igiyar da ake bi a sauka cikinsa.

Mbarak

Faris, Mayu 1996

Mbarak,

Gaisuwa a taƙaice. Na rubuto maka amsa tun watan jiya, shiru. Ko ba ta iso ba, ko ta iso ta sami wurin kwana a aljihunka.

Sai yanzu na ga zaren. Duk faɗin gaɓar nan, tun daga kogi har kudu, tsuntsu bai ga wurin ƙwai ba sai ƙofata? Kuma sai a shekarar da ɗan baffana ya zama mai gadinsa? Kai kake cika musu ruwa, kai ka san inda kake ajiye kaskon. Sannan ka je wurin dattawa da sunana ban aike ka ba, ka tona musu cewa kogona yana cikin matsala. Sannan ka kawo min mafitar da ka san ba zan iya ba. Wa zai riƙe min kanti? In na rufe mako biyu, mai kantin da yake kallona a tsallaken titi ya kwashe min mutane.

Shi kuma wannan dalilin da "aka hana ka rubutawa", wa ya hana ka? Mai gidanka na ofis? Ka daina yi min magana a dunƙule, ba yaro ba ne ni.

Ba zan ɓoye maka ba, don ni ba na aiki ta bayan gida. Na ba Addi takarda ya kai wa Liman hannu da hannu, ya karanta wa Inna ba a gabanka ba. Na roƙe ta da girman Allah da hakkin Baba ta sauka ta hura wutar nan kafin ziyara, ko da wa zai tsaya mata a hanya. In kana da ƙarfin halin tare matar baffanka da hular gwamnati, sai mu gani.

Bihi

Tifrit, Yuni 1996

Yaya,

Sallama. Waccan takardar da ka ce ka aiko ba ta zo ba har yau, ka tambayi gidan waya. Ta biyun ta zo, na karanta, na ajiye ta har zuciyata ta sauka, don abin da na so in rubuta maka a ranar ba na zumunci ba ne. An yi ziyara lafiya, an yanka sa, an ci kuskus. Ga abin da ya faru, ka yarda ko kada ka yarda.

Dalilin da aka hana ni faɗa shi ne Inna ba ta gani. Idon ya daɗe yana dushewa, yanzu sai haske da duhu kawai take rarrabewa. Ita ta rantsar da ni da Zaina kada mu gaya maka, wai kada hankalinka ya tashi a ƙasar mutane. Yau ta warware min rantsuwar. Shekarun nan da kake jin an ga hayaƙi, a bayana take sauka. In goya ta da mayafinta, in riƙe igiya, in dire ta a bakin murhu, in sa mata ashana a hannu. Ita take ƙyastawa, don ka ce ita kaɗai.

Liman ya karanta mata takardarka ranar Laraba. Washegari da hantsi ina bayan tinya da madubina, sai na hango mutum a kan gaɓa, daidai inda igiya take farawa, yana laluben ƙasa da sanda. Yaya, ban san lokacin da na yar da madubin ba. Taku kaɗan ne tsakaninta da inda ƙasa ta ƙare. Na iso ina haki na ce, "Inna, ina za ki?"

Ta ce, "Kasuwa za ni, ba ka ga kwandona ba? Wace irin tambaya ce wannan, ɗan Hammu? Juyo min bayanka."

Na ce, "Inna, kin san abin da yake ƙasa."

Ta ce, "Na san abin da yake cikin takarda. Ɗana ya haɗa ni da Allah da ubansa. In ba za ka ɗauke ni ba, matsa, igiyar ta san hannuna."

Na cire hular na cusa a aljihu, na durƙusa. Ka ji da kyau, tun da kana son ka san irin maƙiyin da kake da shi. Na yanke cewa ta hura. Na ce aikin ya tafi, tsuntsayen su tafi, ba zan bari ta bi igiyar nan ita kaɗai ba, ba kuma zan riƙe ta da ƙarfi ba.

Muna isa iyayen suka tashi. Na tura ƙyaure, na kai ta can ƙurya wajen murhu, na jera mata ƙiraren da ta ƙullo, na sa mata ashana a hannu. Sai 'ya'yan suka fara kuka. Ta karkata kai ta ce, "Mene ne wannan?"

Na ce, "'Ya'yan ne."

"Uwar fa?"

"Tana sama tana kewaya, mu take tsoro."

Ta ce, "To yi shiru mana, sai surutu kamar ubanka."

Muka yi tsit, ba ka jin komai sai ruwa yana dukan dutse a ƙasa. Can uwar ta sauko a ɗarare, ta leƙa, ta matso, 'ya'yan suka rufe ta suna cusa baki a nata. Inna ba ta gani, amma tana jin komai. Ta raɗa min, "Uban ma yana zuwa?" Na ce yana zuwa, karɓa-karɓa suke yi. Ta daɗe tana juya ashanar a hannunta. Sannan ta miƙo min ita.

Ta ce, "Tun da mijina ya rasu nake hura wutar nan don mai gida ya dawo ya tarar da gidansa. To ga masu gida sun zo, har sun haihu. Ni ba zan yi wa mai jego hayaƙi ba. Ɗauke ni."

Na ce, "Inna, Yaya zai ce ni na hana ki."

Ta ce, "Zai ce. Ɗauke ni."

Ranar ziyara Amghar Lahsan ya kira kogunan ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan naka ya tambaya ko an ga hayaƙi, ba wanda ya gani. Ya tambaya ko mai shi yana nan. Ya maimaita, har yana duban hanyar mota. Wallahi ni ma na duba. Sai aka shafa fatiha. Bayan 'ya'yan sun tashi, duka sun tashi lafiya, ni na sauka na ciro ƙyauren na kai hubbare, don ban so wani bare ya taɓa shi. In Addi ya ce maka ya gan ni da ƙyaure a ka, bai yi ƙarya ba.

Na san ba ni da shaida sai ita. Ita kuma ta aika wa Liman cewa kada ya ƙara karanta mata takardarka, ni ma ta hana ni, ta kuma ce ba za ta ƙara ba da saƙo a rubuta ba. Ta ce mai son jin abin da ya faru a kogo ya zo ya zauna a gabanta ya ji daga bakinta.

Na ji ciwon abin da ka rubuta, Yaya, ba zan ce ban ji ba. Amma na fi jin ciwon ganin ta a bakin gaɓar nan da sanda.

Mbarak

Faris, Yuli 1996

Mbarak,

Gaisuwa gare ka da Zaina da yara.

Na karanta. Labarin ya yi daɗi da yawa, kuma duk wanda zai ƙaryata ka a ciki an rufe masa baki. Inna da na sani ba ta barin abin ubana saboda tsuntsu. Ban yarda da kai ba, shi ya sa zan zo in tambaye ta da kaina. Na rufe kantin, na manna takarda a ƙofa, na tsallaken titi ya kwashe su duka in yana so. Zan biyo Addi, mu ƙetare teku ta Tanja. Kada ka yanka komai, kada ka tara min mutane.

Abu ɗaya nake so ka gaya min a tasha kafin mu isa gida, kuma a wannan kada ka rage min komai. Ka ce haske da duhu kawai take gani. Muryata ta canja, Mbarak, na tsufa, harshena ma ya cakuɗe da na mutanen nan. In na durƙusa a gabanta na yi sallama, za ta gane ni?

Yayanka, Bihi